Yadda Amurka ta tashi daga "ba ruwanmu" ta tsinci kanta a Yaƙin Duniya na Ɗaya

A watan Nuwamba na 1916 Amurkawa suka sake zaɓen Woodrow Wilson shugaban ƙasa karo na biyu, kuma taken da 'yan jam'iyyarsa ta Democrat suka dinga yawo da shi a kamfe shine "shi ya hana a jefa mu yaƙi". Da ƙyar ma ya sha, ƙuri'un wakilan zaɓe 277 ya samu, abokin karawarsa Charles Evans Hughes ya samu 254, kuma jihar Kalifoniya da ta raba gardamar tazarar da ke tsakaninsu a can ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba. To wata 5 kacal bayan nan, ranar 2 ga Afrilu 1917, wannan mutumin dai ya tsaya gaban majalisa yana neman izinin yaƙar Jamus, kuma aka ba shi da gagarumin rinjaye. Wanda ya kalli waɗannan ranaku biyu kawai zai ce ai yaudara ce ko kuma mutanen sun canza ra'ayi dare ɗaya, amma gaskiyar magana tun 1914 ƙafar Amurka ke zamewa a hankali, bakinta na cewa ba ruwana, aljihunta kuwa tuni ya zaɓi ɓangare.

Da farko dai a san cewa Amurka ta wancan lokaci ba ita ce Amurkar da muka sani yau ba mai sansanin soja a kowane lungu na duniya. George Washington, shugabansu na farko, a jawabinsa na ban-kwana a 1796 ya gargaɗe su da su guji ɗaure kansu da ƙawance na dindindin da ƙasashen waje, kuma maganar nan ta zauna musu a rai sosai, a ganinsu rigimar Turai ta sarakunan Turai ce masu faɗa kan iyaka da gadon mulki, mu ga teku tsakaninmu da su. Ba wai ba sa yaƙi ba fa, sun yaƙi Sifen a 1898 sun karɓe Filifin, sun sha tura soja ƙasashen da ke kudu da su, amma su ɗebi runduna su kai cikin Turai ta yi yaƙi, wannan kam ba su taɓa ba. Sojojinsu na ƙasa ma 100,000 ne da 'yan kai a lokacin da Jamus da Faransa da Rasha ke tara miliyoyi.

Saboda haka da aka kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni 1914, wuta ta kama Turai cikin makonni, Wilson bai ɓata lokaci ba, a farkon Agusta ya shelanta cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce, daga baya ma ya roƙi jama'a kada su ɗauki ɓangare ko a aikace ko a zuci. Kuma yana da dalili mai ƙarfi na cikin gida. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar baƙi ne da suka yi hijira ko 'ya'yan baƙi, 'yan asalin Jamus kaɗai sun haura miliyan 8, suna da jaridunsu da makarantunsu da coci-cocinsu da harshen Jamusanci, ga 'yan asalin Ailan miliyoyi waɗanda ba abun da suka tsana kamar Ingila saboda mulkin da take yi wa ƙasarsu, ga Yahudawan da suka gudo daga zaluncin Sarkin Rasha waɗanda ba za su taɓa son a taimaki Rasha ba. A ɗaya gefen kuma manyan masu kuɗi da masu ilimi na gabashin ƙasar, masu jaridu da bankuna da jami'o'i, jininsu da harshensu da karatunsu duk na Ingila ne. Shi kansa Wilson mahaifiyarsa a Ingila aka haife ta kuma tun yana malamin jami'a yake sha'awar tsarin majalisar Birtaniya. Ƙasa irin wannan in ka ce za ka kai ta yaƙi a 1914 to a cikin gida za a fara gwabzawa.

Abu na farko da Ingila ta yi, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shine washegarin shigarta yaƙi ta tura jirgi ya yanke wayoyin tangarahon Jamus da ke ƙarƙashin teku. Daga ranar yawancin labarin yaƙin da zai isa jaridun Amurka da sauri sai ya bi ta Landan, an tace shi. Su kuma Jamusawa suka ba da ƙofa da kansu, sun keta Beljiyam wadda ba ta shiga faɗan kowa ba, sun harbe fararen hula dubbai, sun ƙona tsohon ɗakin karatu na jami'ar Leuven. Waɗannan sun faru da gaske. Sai masu farfaganda suka ƙara gishiri da labaran da ba su da tushe, har ta kai talakan Amurka da bai san inda Beljiyam take ba yana ganin Bajamushe a matsayin dodo. Amma ka ji haushin mutum daban, ka tura ɗanka ya mutu daban, har lokacin ba mai maganar yaƙi sai 'yan tsiraru.

Yanzu ga inda ni nake ganin zuciyar maganar take, wato kasuwa da bashi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke tattalin arzikin Amurka na cikin mawuyacin hali, kasuwar hannun jari ta New York sai da aka rufe ta daga ƙarshen Yuli har Disamba 1914, farashin auduga ya faɗi warwas manoman kudu suna kuka. Sai ga oda ta fara zuwa daga Turai, alkama, nama, dawaki, ƙarfe, tagulla, mai, albarushi, harsashi, duk abun da ka sani. A doka ƙasar da ba ta yaƙi tana da 'yancin sayar wa kowa, kuma Amurka ta ce ƙofarta a buɗe take ga Jamus ma. Sai dai wa zai kai kayan? Rundunar ruwan Ingila ta yi wa Jamus ƙawanya, ta dasa nakiyoyi a Tekun Arewa, tana tare jiragen 'yan kasuwa tana kai su tashoshinta, har abinci ta sa cikin haramtattun kaya, abun da ya saɓa wa ƙa'idojin da aka saba da su a lokacin. Washinton ta rubuta takardun ƙorafi, Landan ta amsa cikin ladabi ta biya diyya nan da can, aka ci gaba da tafiya a haka. Sakamakon shine cinikin Amurka da ƙasashen ƙawance, wato Ingila da Faransa da Rasha da abokansu masu yaƙar Jamus, ya tashi daga kusan dala miliyan 825 a 1914 zuwa sama da dala biliyan 3 a 1916, na ɓangaren Jamus kuwa ya faɗo daga kusan dala miliyan 169 zuwa kamar miliyan 1 kacal. Ka duba wannan lissafi da kyau ka gaya min ina ba-ruwanmu a nan.

Sannan kuɗin saye ya fara ƙare wa Ingila da Faransa. Sakataren harkokin wajen Wilson na farko, William Jennings Bryan, mutum ne mai ƙin yaƙi har zuci, tun Agusta 1914 ya hana bankuna ba masu yaƙi rance, hujjarsa ita ce kuɗi ya fi kowane haramtaccen kaya muni tunda da shi ake sayen sauran. Wallahi mutumin ya hango nesa. Amma hanin bai daɗe ba, da farko aka ce to a bar su su ɗauki kaya bashi, wannan ai ba rance ba ne, daga nan zuwa kakar 1915 aka buɗe ƙofar gaba ɗaya saboda an ga in Turawa suka daina saye masana'antun Amurka za su tsaya. Bankin J.P. Morgan ya zama dillalin sayayya na gwamnatin Ingila, shi ya haɗa rancen dala miliyan 500 ga Ingila da Faransa a Oktoba 1915, kuma zuwa 1917 bashin da ke kan ƙasashen ƙawance ya haura dala biliyan 2 alhali na Jamus bai wuce miliyan 27 ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya dinga ba mutum ɗaya kaya bashi har rabin jarinsa ya koma hannunsa, ko ba ya ƙaunarsa dole ya dinga yi masa addu'ar tsawon rai. Ban ce Wilson ya zauna da masu banki sun ƙulla a tafi yaƙi ba, babu wata shaida a kan haka kuma ban yarda da masu faɗin hakan ba, abun da nake cewa shine manomi a Kansas da leburan masana'antar ƙarfe a Pittsburgh duk cin abincinsu ya rataya a kan jiragen da ke tsallaka Atlantika zuwa Ingila, saboda haka duk wanda ya taɓa jiragen nan ya taɓa Amurka ko da bai yi niyya ba.

Jamus kuwa dole ta taɓa su. Manyan jiragen yaƙinta ba za su iya karawa da na Ingila ba, makamin da ya rage mata shine jirgin ƙarƙashin ruwa. A nan akwai wata matsala da ya kamata a gane. Tsohuwar ƙa'idar yaƙin teku ta ce in za ka nutsar da jirgin 'yan kasuwa sai ka tsayar da shi, ka bincika, ka bar mutanen ciki su shiga kwale-kwalen ceto tukuna. An yi ƙa'idar ne don manyan jiragen yaƙi na saman ruwa. Shi jirgin ƙarƙashin ruwa ƙarami ne, jikinsa ba ƙwari, da zarar ya ɓullo sama harbi ɗaya ya ishe shi, kuma Ingila ta ɗora bindigogi a kan jiragen kasuwancinta, ta umarci matuƙa su banke duk wanda ya ɓullo, tana kuma sa tutar wasu ƙasashe don ɓad da kama. Kwamandan Jamus in ya bi ƙa'ida ya mutu, in ya harba ba gargaɗi ya kashe fararen hula. A Fabrairu 1915 Jamus ta ayyana ruwan da ke kewaye da Birtaniya a matsayin fagen yaƙi, Wilson ya amsa cewa duk ran Ba'amurke da ya salwanta Jamus ce za ta ɗau alhaki.

Ranar 7 ga Mayu 1915 jirgin ƙarƙashin ruwa mai lamba U-20 ya harbi Lusitania, ƙaton jirgin fasinja na Ingila, a kusa da gaɓar kudancin Ailan. Cikin minti 18 ya nutse, mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 daga ciki Amurkawa, har da mata da jarirai. Ofishin jakadancin Jamus ya buga gargaɗi a jaridun New York kafin jirgin ya tashi, kuma gaskiya ne jirgin na ɗauke da harsashin bindiga miliyoyi, amma ba wata hujja da za ta wanke kisan jarirai a idon duniya, kuma bai kamata ta wanke ba. Mutane da yawa suna ɗauka wannan ne ya kai Amurka yaƙi. A'a, sai da aka yi kusan shekara 2 bayansa. Kwana 3 da faruwar abun Wilson ya yi jawabi a Philadelphia yana cewa akwai mutumin da girman kansa ya fi ƙarfin ya yi faɗa, maganar da ta harzuƙa tsohon shugaba Theodore Roosevelt wanda ke ganin wannan ragwanta ce tsantsa. Abun da Lusitania ya yi shine ya sa Wilson ya kafa wani matsayi da daga baya ya zame masa tarko, wato Ba'amurke na da 'yancin hawa kowane jirgi, ko na ƙasar da ke yaƙi ne, ko yana ɗauke da makamai, ya ratsa fagen yaƙi, kuma in an taɓa shi an taɓa martabar Amurka.

Bryan ya ce wannan ba adalci ba ne. Ya ce a gargaɗi Amurkawa su daina hawa jiragen masu yaƙi, kuma in za a tsawata wa Jamus kan nutsar da jirage to a tsawata wa Ingila daidai wa daida kan hana yara da mata abinci a Jamus. Wilson ya ƙi, a ganinsa Ingila dukiya take tarewa Jamus kuwa rai take ɗauka, dukiya ana biyan diyyarta rai ba a dawo da shi. Hujja ce mai nauyi, sai dai ita ma ƙawanyar ta kashe dubban ɗaruruwan Jamusawa da yunwa da cuta kafin a gama yaƙin, bambancin kawai su a hankali suka mutu cikin gidajensu ba a ga hotonsu a jarida ba. Bryan ya ajiye muƙaminsa a Yuni 1915, Robert Lansing ya gaje shi, shi kuma Lansing tun farko zuciyarsa na tare da ƙasashen ƙawance. Daga ranar babu sauran mai ja wa Wilson birki a kusa da shi. A farkon 1916 wasu 'yan majalisa sun kawo ƙudurin gargaɗin matafiya irin wanda Bryan ya so, Wilson ya sa ƙarfinsa duka aka kashe ƙudurin.

Duk da haka diflomasiyyarsa ta yi aiki na ɗan lokaci, wannan a ba shi. Bayan an nutsar da jirgin Arabic a Agusta 1915 Jamus ta yi alkawarin daina harbin jiragen fasinja ba gargaɗi, bayan an harbi Sussex a Maris 1916 Wilson ya yi barazanar yanke hulɗa, Jamus ta sake alkawari a Mayu har ya haɗa da jiragen 'yan kasuwa. Amma ka lura da abun da hakan ke nufi, zaman lafiyar Amurka ya koma hannun Barlin, ranar da suka janye alkawari Wilson ba shi da wurin ja da baya.

Shekarar 1916 ita ce mai rikitarwa, domin a shekarar Amurkawa sun ji haushin Ingila kusan kamar yadda suka ji na Jamus. Ingila ta murƙushe boren 'yan Ailan na Ista a Dublin ta harbe shugabanninsa, tana buɗe wasiƙun Amurkawa a teku, ta fitar da jerin kamfanonin Amurka da ta haramta ciniki da su. Har ta kai a Nuwamba babban bankin Amurka ya gargaɗi bankuna su yi hattara da ba ƙasashen waje rance, abun da ya girgiza Landan ƙwarai domin asusunsu ya kusa ƙarewa. A cikin gida kuma ana ta ja-in-ja, Roosevelt da Janar Leonard Wood suna kiran a shirya, matasa 'yan boko da 'yan kasuwa suna zuwa sansanin horo a Plattsburg da kuɗinsu, majalisa ta amince a ƙara sojoji a gina manyan jiragen yaƙi, a gefe guda kuma ga Jane Addams da ƙungiyar mata masu neman zaman lafiya, ga 'yan gurguzu irin su Eugene Debs masu cewa yaƙin masu kuɗi ne talaka ke mutuwa, ga manoman tsakiya da yammacin ƙasar da ba sa son jin zancen kwata-kwata, har Henry Ford mai motoci ya ɗauki hayar jirgi ya kwashi masu neman sulhu zuwa Turai a ƙarshen 1915. Su kuma 'yan leƙen asirin Jamus ba su taimaki kansu ba, an kori hafsansu Franz von Papen daga Washinton saboda ƙulle-ƙulle, sannan a Yuli 1916 ma'ajiyar makamai ta Black Tom a tashar New York ta yi bindiga har ta lalata wani sashe na gunkin 'yanci, daga baya aka tabbatar aikin Jamus ne.

A daidai wannan lokaci da Amurkawa ke da damar zama su yi muhawara kan su shiga ko kada su shiga, kakanninmu ba wanda ya tambaye su. Sojojin Najeriya ƙarƙashin Turawan Ingila, Hausawa da yawa a cikinsu, sun riga sun gwabza da Jamusawa a Garwa da Mora a Kamaru, daga nan aka kwashe su zuwa gabashin Afirka.

To sai Janairu 1917. Jamus na cikin yunwa, an yi asarar rayuka masu ban tsoro a gumurzun Verdun da Somme a Faransa, manyan hafsoshi Hindenburg da Ludendorff sun karɓe ragamar komai. Shugaban hafsoshin ruwa Holtzendorff ya kawo lissafi cewa in aka sake jiragen ƙarƙashin ruwa su nutsar da tan 600,000 na jirage duk wata, Ingila za ta durƙusa cikin wata 5. Sun san sarai Amurka za ta shiga yaƙi, sun dai yi caca ne cewa kafin ta tara soja ta horar ta tsallako da su an gama. Shugaban gwamnati Bethmann Hollweg bai so ba amma aka fi ƙarfinsa a taron da aka yi gaban Sarki Wilhelm ranar 9 ga Janairu. Abun tausayi shine Wilson bai san an yanke wannan hukunci ba, ranar 22 ga watan yana gaban majalisar dattawa yana kiran a yi sulhu ba tare da wani ya yi nasara a kan wani ba, kuma ni na yarda da gaske yake. Ranar 31 jakadan Jamus Bernstorff ya miƙa takarda cewa daga gobe duk jirgin da aka gani a yankin, na kowace ƙasa, za a nutsar da shi. Ranar 3 ga Fabrairu Amurka ta yanke hulɗar jakadanci. Ko a nan Wilson bai nemi yaƙi ba, ya ce sai ya ga aiki a zahiri. Amma jiragen Amurka suka ƙi fita daga tasha don tsoro, kaya suka taru a tashoshi da layin dogo, kasuwar nan da ta ciyar da ƙasar shekara 2 ta fara tsayawa.

Sai ga wayar Zimmermann. Arthur Zimmermann, sakataren harkokin wajen Jamus, ya aika saƙon sirri a tsakiyar Janairu zuwa jakadansu a Meziko, cewa in Amurka ta shiga yaƙi a yi wa Meziko tayin ƙawance, Jamus za ta ba da kuɗi, Meziko ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona da ta rasa a ƙarnin da ya gabata, a kuma jawo Japan. Ba a banza suka yi tunanin Meziko ba, dangantakarta da Amurka ta yi tsami, sojojin Amurka sun mamaye Veracruz a 1914, kuma bayan madugun 'yan tawayen Meziko Pancho Villa ya kai hari garin Columbus na Amurka a Maris 1916 Janar Pershing na Amurka ya shafe watanni cikin Meziko yana farautarsa. Abun da ya fi ƙona wa Wilson rai shine ɗaya daga cikin hanyoyin da saƙon ya bi layin wayar ma'aikatar harkokin wajen Amurka ne, wanda shi da kansa ya yarje wa Jamusawa su yi amfani da shi don maganar sulhu. Masu fasa lambobin sirri na rundunar ruwan Ingila, waɗanda ake kira Ɗaki na 40, sun kama saƙon sun warware shi, suka riƙe shi makonni har suka sami hanyar nuna shi ba tare da an gane suna sauraron wayoyin Amurka ba, sannan suka miƙa wa jakadan Amurka a Landan. Ranar 1 ga Maris ya fito a jaridu. Masu adawa da yaƙi suka ce ƙarya ce, Ingila ce ta ƙirƙira, kuma da an bar maganar a haka da mutane da yawa sun yarda da su, sai Zimmermann da bakinsa ranar 3 ga Maris ya ce eh shi ya aika. Baki shi ke yanka wuya. Shugaban Meziko Carranza bai karɓi tayin ba, amma aikin gama ya gama, mutanen yamma da kudu maso yamma waɗanda rigimar teku ba ta dame su ba yanzu sun ji ana rabon jihohinsu a takarda.

Daga nan abubuwa suka zo a jere da sauri. Wilson ya nemi izinin ɗora bindigogi kan jiragen kasuwanci, wasu sanatoci ƙalilan ƙarƙashin Robert La Follette da George Norris suka ja muhawara har wa'adin majalisa ya ƙare, sai Wilson ya yi gaban kansa ya ba da umarni. A tsakiyar Maris juyin juya hali ya kifar da Sarkin Rasha, abun da ya cire wata babbar kunya, domin da wuya ka ce kana yaƙin 'yanci kana kafaɗa da kafaɗa da sarki mai mulkin kama-karya. A kwanakin dai aka nutsar da jiragen Amurka 3, Vigilancia da City of Memphis da Illinois, an rasa rayuka. Ranar 20 ga Maris majalisar ministocinsa kaf ta ce yaƙi.

Akwai kuma wani dalili da ke cikin kan Wilson shi kaɗai wanda bai kamata a raina ba. Mutumin ɗan limamin coci ne, ya ga ɓarnar yaƙin basasa yana yaro a kudu, kuma ya yi imani an ɗora masa gyara tsarin duniya. Jane Addams ta ruwaito cewa ya gaya musu, ita da wasu masu neman zaman lafiya, in Amurka ta shiga yaƙin zai sami kujera a teburin sulhu, in kuwa ta tsaya a gefe sai dai ya yi magana ta kafar ƙofa. Shi ya sa jawabinsa na 2 ga Afrilu bai tsaya kan jirage da bashi ba, ya ɗaga maganar sama ya ce dole a mai da duniya wurin da dimokuraɗiyya za ta zauna lafiya. Magana ce mai daɗi, amma ni tana min ciwo in na tuna cewa ƙawayen da zai je taimaka wa su ne ke mulkin mallaka a Kano da Damagaram a wannan ranar, kuma a cikin ƙasarsa baƙaƙen fata a kudu an hana su ƙuri'a ana rataye su ba shari'a, gwamnatinsa ma ta ƙara raba ma'aikata baƙaƙe da farare a ofisoshin tarayya, mata kuwa a yawancin jihohi ba su da ƙuri'a.

Majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 82 da 6 ranar 4 ga Afrilu, ta wakilai 373 da 50 ranar 6. Cikin masu cewa a'a har da Jeannette Rankin, mace ta farko da aka taɓa zaɓa majalisar, kwanaki kaɗan da rantsar da ita. Norris ya tashi ya ce zinariya ce ta ba da umarnin wannan yaƙi, ana shirin buga tambarin dala a kan tutar Amurka, abokan aikinsa suka yi masa ihun cin amanar ƙasa. Kuma a lura, Jamus kawai aka shelanta yaƙi a kanta, Ostiriya sai Disamba, Daular Usmaniyya kuwa, wadda ita ma ke ɓangaren Jamus, Amurka ba ta taɓa shelanta yaƙi a kanta ba har aka gama.

Ƙuri'ar majalisa ba ita ce zuciyar jama'a ba, kuma gwamnati ta san haka, abun da ta yi bayan nan ya nuna. Ba ta dogara da 'yan sa-kai ba, a Mayu ta kafa dokar ɗaukar soja dole, aka yi rajistar maza kusan miliyan 24, aka ɗauki kusan miliyan 2.8. Ta kafa hukumar farfaganda ƙarƙashin ɗan jarida George Creel, wadda ta baza mutum kusan 75,000 suna jawabin minti 4 a gidajen sinima da coci da duk inda jama'a suka taru. Aka yi dokar leƙen asiri a 1917 da ta hana sukar gwamnati a 1918, Debs ya yi jawabi ɗaya na sukar yaƙin a Ohio aka yanke masa shekara 10. Makarantu suka daina koyar da Jamusanci, jaridun Jamusawa suka dinga rufewa, a Illinois ma taron 'yan iska suka rataye wani Bajamushe lebura mai suna Robert Prager a Afrilu 1918, kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar. Ƙasar da shekara 3 baya shugabanta ke roƙon kada a ɗauki ɓangare ko a zuci ta koma inda in ka yi shiru ma ana zarginka.

Lissafin Holtzendorff bai fita ba. An nutsar da jirage masu yawan gaske a watannin farko, amma da aka fara tafiyar da jiragen kaya a ayari tare da rakiyar jiragen yaƙi asarar ta ragu, Ingila ba ta durƙusa ba, kuma zuwa ƙarshen 1918 sojojin Amurka kusan miliyan 2 sun sauka Faransa. Sama da 116,000 suka mutu, kusan rabi a fagen daga, sauran yawanci cuta ce musamman murar nan ta 1918. Wilson ya sami kujerarsa a taron sulhu na Paris, amma majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar sulhu ta Versailles, Amurka ba ta shiga Majalisar Ƙasashe ta League of Nations da shi ya kawo shawararta ba. A shekarun 1930 kwamitin Sanata Gerald Nye ya shafe kusan shekara 2 yana tono ribar da masu ƙera makamai da bankuna suka ci, jama'a da yawa suka yanke cewa an ja su yaƙin da ba nasu ba, majalisa ta bi da dokoki a 1935 da 1936 da 1937 da suka haramta sayar wa masu yaƙi makamai, da ba su rance, da hawa jiragensu. Waɗannan dokokin ne Shugaba Franklin Roosevelt ya tarar sun ɗaure masa hannu lokacin da Hitler ya afka wa Poland a 1939.